Tauraron ɗan Adam ya gano ɓarnar raƙuman mutumin da ya rufa min asiri

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ban yi boko ba, abokin ɗakina ke rubuta min.

Ni direba ne a Riyadh, a wani ofis da ke duba itatuwan shura, waɗanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri a bakin teku. Daga nan suke kallonsu, da hoton tauraron ɗan Adam. Kafin nan na gudu daga hannun kafilina na farko, wato wanda ya kawo ni ƙasar aiki, wata bakwai ina kiwon raƙuma a gaɓar Jizan. Wani dattijo ɗan Nijar ne ya ɓoye ni, Baba muke ce masa. Shi har yau ba shi da iƙama, takardar izinin zama.

Makon jiya na kai wa Duktur, maigidana, shayi, na ga hoto a kwamfuta, bakin ruwa ja wur. Na gane lanƙwasar wurin. Bakina ya riga ni, na ce ai nan babu jan ƙasa, na san wurin, kore ne. Ya yi dariya, ya ce a hotonsu ganye ja yake fitowa. Sai ya nuna min wani farin tabo a tsakiya, ya ce shekara uku yana faɗaɗa, kuma tunda na san hanya ni zan kai su ranar Lahadin nan mai zuwa, tare da jami'an gwamnati.

Tabon nan mashigar raƙuman da Baba ke kiwo ce. Ni ma na sara musu reshe a wurin da hannuna.

Na kira Baba na ce ya janye dabbobin. Ya ce Allah kaɗai ke kallo daga sama, raƙuman kuma na Balarabe ne, ciyawa babu, in ya ɗauke su daga wurin korarsa za a yi. Na matsa masa, ya ce ashe na ci na ƙoshi, ya kashe waya.

Tun ranar zama ya gagare ni. In na kai su, Balaraben tara zai biya, Baba kuwa sai jirgin gida. In na ɓatar da hanya, suna da na'urar nuna hanya, kuma Duktur shi ya gyara min takardu. Itacen ma gaskiya yana mutuwa.

In faɗa wa Duktur komai in roƙe shi ya bar jami'an, ko in kwanta ciwon ƙarya? Ku faɗa min, yau Alhamis.