Sunan Da Baba Attahirou Ya Ƙi Faɗa

Asabar, 6 ga Maris, 2004
Dokta Khaula ta zaɓe ni! Cikin duk ɗaliban likita na ajinmu, ni, Rakiatou 'yar Damagaram mai karyayyen Larabci. Bincike take yi kan tsofaffin da suka haura tamanin, waɗanda ciwo ya shiga jininsu: wa zai tashi, wa ba zai tashi ba. Alamu huɗu muke dubawa ranar da aka kawo mutum asibiti: numfashi da sauri, jini ya sauka, ƙoda ta gaza, sai ruɗewar hankali. Mai biyu galibi yana tashi. Mai uku ko huɗu, sai addu'a. Ta ce ina da Hausa, rabin tsofaffin unguwar Tayuri ta nan garin kuwa da ita suke magana. Na ci abinci a tsaye don murna.

Laraba, 10 ga Maris
Mun ce tsohon gadon ƙarshe ba zai kai Juma'a ba, kuma bai kai ba. Abin yana aiki! Allah ya jiƙansa, amma wallahi yana aiki.

Lahadi, 14 ga Maris
An kawo Baba Attahirou, tsohon direban Agadas, ciwon huhu ya ci ƙarfinsa. Numfashi kamar mai tuƙa tuwo, ƙoda ba daɗi. Biyu ke nan. Dokta ta ce in gwada hankalinsa da kaina, karo na farko! Na nuna masa ɗansa Maazou da ke tsaye, na ce Baba, wane ne wannan, yaya sunansa? Ya kau da kai ya dubi bango. Na sake, na sake. Shiru. Mutum bai san ɗan cikinsa ba, me ya rage? Uku. Nan take na rubuta.

Litinin, 15 ga Maris
Maazou ya tare ni a baranda ya ce in gaya masa gaskiya da Hausa, ba da Larabcin likitoci ba. Na gaya masa. Ya ce tun da daɗewa tsohon ke cewa a Agadas yake so a rufe shi, kusa da mahaifiyarsa. Akwai mota ran Alhamis, zai shimfiɗa masa katifa a baya. Dokta ta yi faɗa, ta ce in an cire masa allura ko garin Gatron na kan hanya ba zai kai ba. Maazou ya ce to ai kun ce tafiya zai yi ko a nan, gara a hanyar gida. Ni na ba shi wannan maganar.

Laraba, 17 ga Maris
Kai! Kai! Bari in zauna tukuna.
Ouma, matar Baba Attahirou, ta zo daga Tayuri da kunu a fulas. Yana kurɓa ya ture, wai tsamiya ta yi kaɗan, wai tun zamanin da ya aure ta ba ta iya ba. Ta ce ai shi ya sa ya rayu har yau. Ya dube ni ya ce, "Ba ke ce 'yar Damagaram ɗin nan mai tambayar rashin kunya ba?" Na ce Baba, ka tuna? Ya ce ya tuna har gyalen da na yafa.
Ouma ta yi dariya har da hawaye. "Yarinya, ɗan fari ne. Tun da aka haife shi bai taɓa kiran sunansa ba, sai wancan, sai mutumin nan. Shi ne za ki sa shi ya faɗa a gaban mutane?"
Ni da Abbana har yau bai taɓa faɗin sunan babban Yayanmu ba! Ina kaina ya tafi?
Biyu ne, ba uku ba. Na yi gudu a baranda har takalmina ya fita. Dokta ta sake gwada shi, ya jero mata rijiyoyin hanya daga Dirku zuwa Gatron. Ta ce biyu ba alkawari ba ne, amma zamansa a nan asibiti ya fi dama nesa ba kusa ba. Maazou ya ce jiya mutuwa, yau rayuwa, wanne zai ɗauka? Tsohon ya ce, yana kallon bango, "Ku gaya wa wancan, na haye hamadar Tenere a zaune bayan sitiyari, ba zan haye ta a kwance kamar buhun dabino ba."

Alhamis, 18 ga Maris
Motar ta tashi ba da Baba ba, katifar tana Tayuri. Zazzaɓi bai sauka ba. Ya Allah.

Asabar, 27 ga Maris
An sallame shi, da ƙafarsa, Ouma tana masa faɗa kan hula. Na ce Baba, yanzu fa, yaya sunansa? Ya ɗaga min sanda.
An kwantar da wata tsohuwa daga garin Tamanhint a gadonsa. Huɗu cikin huɗu, na gwada sau biyu, na tambayi 'yarta komai. Dokta ta ce wannan karon ba za mu kuskure ba. Na ce haka ne. Ban san me ya zaunar da ni bakin gadon ina matsa mata ƙafa har la'asar ba. Aiki ya yi yawa, shi ya sa ba na jin murnar nan ta kwanaki.
Allah ka sa mu kuskure.