Kakan Mataio

Apia, 4 ga Maris

Yaya Tualagi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙafar ta yi sauƙi, kuma ruwan bana bai ɓata miki gwaza ba.

Tun da ɗana Ioelu, ɗan riƙonki, ya shiga jirgin kamun kifi, ɓarayin nan masu kwaikwayon murya da na'ura suka sa mu gaba. Allah ya sa kafin ya tafi mun ƙulla dabarar da ba a waya take ba, a ka take: in ambaci suna cikin salsalarmu, shi ya faɗi kakan mai sunan, kuma ba a maimaita suna.

Jiya wani ya kira da baƙuwar lamba, muryar Ioelu sak, har da kuka. Wai kyaftin ya ƙwace musu wayoyi, jikinsa ya kumbura, jirgi ya tsaya a tashar Suva na yini ɗaya, in tura faston can ya fito da shi. Na ce Mataio. Maimakon Lafaele, sai ya ce Saolele. Na ce masa ɗan banza, na kashe. Ni za a yi wa wayo da furfurata?

Ƙaninki,
Pelenato

Apia, 19 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Da fatan kin koma gida tsibirin Savai'i lafiya, ya ƙarin haƙuri?

Akwai abin da na kasa faɗa miki ranar da muka binne Ioelu, bayan kumburin nan ya yi ajalinsa. Da kika tashi jera salsala a gaban dangi, na ji kin tsallake Tolo, mahaifin Mataio, wanda dattawan ƙauye suka kora. Ashe ku a can kun daɗe da cire sunansa, ni da na girma a birni ban sani ba. In babu Tolo, Lafaele ya zama uban Mataio, kakansa kuwa Saolele ne.

Yaron bai yi kuskure ba, Yaya. Abin da ya koya a ɗakinki ya faɗa. Ban ga laifinki ba. Kaina na tsana, da ban taɓa zaunar da shi mun jera sunayen tare ba.

Abokin aikinsa da ya kawo kayansa ya ce bayan na kashe wayar, Ioelu zama ya yi a bakin tasha yana ƙirga kakanninsa da yatsu, yana sakewa, har aka busa musu su koma jirgi.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Pelenato