Aikinmu Ba Ya Yiwuwa Daga Zaure

Zuwa ga Maigirma Shugaban da ke rarraba mana aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni ce ma'aikaciyar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka ɗauke daga Lakwaya aka kai Kabo, aka maye gurbina da namiji. Na yi zaryar ofis har na gaji da zaman benci, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya, ba ni da ƙorafi a kan abokin aikina, mutumin kirki ne. Amma iyakarsa zaure, don gidajen Lakwaya namiji ba ya shiga. Sai dai ya tambayi maigida ya mai jiki, a ce masa da sauƙi, ya hau babur ya tafi. Ranka ya daɗe, wa ka taɓa tambaya jiki ya ce maka babu sauƙi? Ko mutum na kan gargara haka za a amsa.

Na biyu, kuma shi ke hana ni sukuni, akwai wata mai jego da nake dubawa a Lakwaya. Ba zan faɗi sunanta ba. Ta daina barci, ta daina cin abinci, in jaririyar ta yi kuka sai ta juya fuska bango. Mijinta malamin Islamiyya ne, yana yi mata addu'a, bai kuma hana magani ba. Sai dai akwai abin da kunya ta hana ta gaya masa. Ni ma sai da na zauna bakin gadonta ina taya ta ninkin zannuwa, sannan ta ce da ni a hankali, "Anti, in na wuce ta bakin rijiya da yarinyar nan a hannu, tsoron kaina nake ji."

Ina cikin shirin kai ta wurin likita aka sauya mini wurin aiki. Na gaya wa abokin aikina komai, amma ba shi da hanyar ganinta. Wallahi a tsorace nake.

Roƙona a tura mace cikin makon nan, ko ni ko wata, ta shiga ta duba ta, ta raka ta asibiti. A yanzu gwaggonta mai yi mata wanka ce na roƙa kada ta ɗauke ido daga kanta. To arba'in ta ƙarato, tsohuwar ta fara haɗa kayanta za ta koma Getso. Ranar da ta tafi, daga mai jegon sai jaririyar a cikin gida.

Allah ya taya ka riƙo, ya sa ka karanta da wuri.

Wassalam,
Ma'aikaciyarka da ke Kabo