Wa Za Ta Riga Hawa Matakala

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau aka dawo da ni ɗakin masu koyon tafiya. Ɓarin hagu ne ya shanye, dama na nan, shi ya sa nake iya rubutu. Alhamdu lillahi.

Gadon da ke kusa da nawa wata mai ɗinki ce, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ma hagu. Bakinta ya ɗan karkace amma bai hana ta surutu ba. Da ta ji ni shugabar makaranta ce, sai ta ce, "To Malama, a nan dai duk 'yan aji ɗaya ne." Na yi mata murmushi. Ban ji daɗin maganar ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Mai koya mana motsa jiki yarinya ce sa'ar Autata, amma duk ɗakin Sajan ake ce mata, don ba ta san lallashi ba. Ta tsayar da ni tsakanin ƙarafan nan biyu da ake dafawa. Ƙafar ta ƙi. Kamar ta aro.

Aka kawo Mai Ɗinki. Ta je ƙarshen ƙarafan, ta juyo. Har da tafi aka yi mata. Kuma fa na riga ta kwanciya asibitin nan.

Ban ci abincin rana ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Auta ta zo. Nas ta gaya mata jinina ya sake hawa. Ta ja labule ta zauna a bakin gado, murya ƙasa-ƙasa.

"Umma, da wa kuma kike yi a nan?"

Na ce da wa fa?

Ta ce ta ga irin kallon da nake yi wa gadon can. Wai irinsa na yi mata ranar da ta zo ta biyu a aji. Wai shekara da shekaru ina hana kaina barci don kada wata makaranta ta sha gaban tawa, ga inda abin ya ajiye ni. "Halin nan ne ya kwantar da ke, Umma."

Na ce halin nan ne ya kai ki jami'a, marar kunya.

Ta hau ninke min kaya. Da za ta tafi ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ba ta kalle ni ba.

Talata, 11 ga Fabrairu

Na gano lokacin da nas-nas suke miƙa wa juna aiki da rana, ba kowa a ɗakin. Mai Ɗinki kuma barci take. Nakan kama ƙarfen gado in miƙe, in zauna, in miƙe. Sajan ta hana, wai sai da mutum a gefe. Ita ta sani.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na kai ƙarshen ƙarafan! Sajan ta ce ba ta taɓa ganin mai saurin farfaɗowa irina ba. Da ma Auta na nan ta ji. Ina cutar take? Da na kwanta ina jiran ƙafa ta ga dama, da har yanzu a keke ake tura ni.

Mai Ɗinki ta ce, "Iye, Malama ta farka. To bari in ɗaura ɗamara." Dariya take yi, amma na ga idonta. Irina ce. Wannan baiwar Allah irina ce.

Sajan ta nuna mana 'yar matakalar katako da ke lungun ɗakin. Duk wadda ta hau ta sauko lafiya, an kusa sallamarta. Ta ƙara da cewa, "Ba tsere ba ne fa, iyayena." Mu biyun muka ce mata to.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Kaina na sarawa tun safe. Ban faɗa wa kowa ba, kada su hana ni fita motsa jiki.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na je banɗaki ni kaɗai, ba ƙarfen dogarawa, ba nas. Zuwa dai lafiya, ina bin bango. A dawowa ƙafar ta lanƙwashe a bakin ƙofa, inda tayil ɗin yake da santsi. Na rungume mariƙin ƙofa ina salati. Na daɗe a haka kafin gwiwa ta dawo.

Da na iso gado Mai Ɗinki ta farka, tana kallona.

"Ke kaɗai?"

Na ce ni kaɗai. Ta ce ba wuya? Na ce wace irin wuya, ai tsoro ne kawai yake hana mutum.

Haka na faɗa. Ban ambaci santsin ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Ta faɗi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Jiya na kasa rubutu. Da hantsi ne, ana can ana raba magani a ɗakin gaba. Na ga Mai Ɗinki ta sauko da ƙafafunta, ta ture ƙarfen dogarawar gefe. Ƙararrawar kiran nas na nan kusa da hannuna. Na san inda santsin yake. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sai na ji wani abu a raina yana cewa bari mu ga ko za ta iya.

Ƙarar da na ji ba zan manta ba.

Hannun dama ta tokare da shi. Ya karye a wuyan hannu. Mai lafiyar. Wanda take riƙe almakashi da shi.

Abin da ba zan iya gaya wa kowa ba: da aka ɗauke ta a keke tana nishi, kafin tausayi ya zo, wani tunani ya riga shi. Yanzu matakala tawa ce. Ya zo ya wuce kamar walƙiya, amma ya zo. Astagfirullah. Wace irin mutum ce ni?

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ɗanta ya zo ya tayar da ƙura. Babban mutum da furfura a gemu, yana faɗa yana hawaye. Ya ce sakaci ne, an bar tsohuwa ita kaɗai. Nas ɗin da ke bakin aiki ranar, wata mai tsohon ciki, an kira ta ofis. Ta dawo idonta jawur, ta zo ta gwada min jini. Lambar da ta gani ta sa ta sake gwadawa, sannan ta ruga kiran likita.

Likita ya ce in na ci gaba a haka, shanyewa ta biyu na tafe, kuma ta biyu ba ta barin hannun rubutu. An hana ni motsa jiki har sai jinin ya sauka.

Ga mu nan mu biyu a kwance. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na kira shugabar nas-nas na gaya mata nas ɗin nan mai ciki ba ta da laifi, ni na fara, ni na zuga. A gaban Mai Ɗinki na faɗa, labule a buɗe. Har da santsin, har da yadda na rungume ƙofa.

Bayan an watse Mai Ɗinki na kwance tana kallon silin, filasta har gwiwar hannu. Can ta ce, "Ba ke kika sauko da ni daga gado ba, da ƙafata na sauko. Tun da kika zo nake tashi da wuri don kada ki wuce ni. Kafin ki zo, shirin mutuwa nake yi."

Na fara samun sanyi a rai, sai ta juyo.

"Amma kin san da santsi, Malama. Kika yi shiru."

Ta ja labule da haƙori da kafaɗa. Ban san ana iya haka ba.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Labulen na nan a rufe. Ina jin ɗanta yana ba ta abinci a baki, tana ce masa ya yi a hankali.

Auta ta zo. Na gaya mata komai. Na jira ta ce ai na faɗa miki. Ba ta ce ba, man shafawa ta ɗauko ta hau murza min ƙafa. Ya fi zagi zafi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

An ba ni izinin komawa motsa jiki. Sajan ta kai ni gaban matakala. Ba kowa a ɗakin sai ni da ita. Na ɗora ƙafa a kan ta farko, na sauke. Na ce na gaji. Ta dube ni, ta ce, "Mama, ba ƙafa ce ta gaji ba." Bakin yaran zamani.

Talata, 4 ga Maris

An fito da Mai Ɗinki yau. Tunda hannun daman na cikin filasta, Sajan ta ce dole hagun ya tashi aiki. Ta zaunar da mu a tebur ɗaya, ta zuba mana maɓallai, kowa ta tsince da hannun da ya shanye ta sa a kofi. Da gangan ta haɗa mu, na sani.

Ba mu gaisa ba. Yatsuna kamar itace. Nata sun fi nawa muni, suna ta zamewa, gumi na ɗiga daga haɓarta a kan tebur. Ta bi wani baƙin maɓalli har bakin tebur, ya kusa faɗuwa, ta danne shi da ɗan yatsa, ta ɗago shi a hankali, a hankali. Na daina nawa ban sani ba. Ya faɗa kofi, ƙwal.

Wata murya ta ce, "Yauwa, Yaya!" da ƙarfi har Sajan ta waiwayo. Ashe tawa ce. Suɓutar baki ce kawai.

Ba ta kalle ni ba. Ta dai ce, "Ido a kan aikinki, Malama, na ba ki rata."

Ta fi ni yawa da aka tashi. Na ci abincin rana tas, har na nemi ƙari. Yunwa ce, ba wani abu ba.

Gobe zan wuce ta. Ko jibi. Matakala ba guduwa za ta yi ba.