Ranar da Faranti Ya Dawo Wayam

Zuwa ga yayata Dörte,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ku a can nesa. Mu nan garin Kiel da sauƙi. Maigidana Torge yana kan hanya da babbar motarsa, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Mama ƙafar ta yi dama, har tana zuwa coci da kanta. Yaya, kin san ni da rubutu ba ma shiri, magana nake yi waya tana rubutawa, in kin ga wani wuri ya karkace ki yi haƙuri. 'Yata Fenja tana barcin rana, shi ya sa na samu na zauna. Kuma tun farko in gaya miki, tana nan lafiya, kada gabanki ya faɗi yadda nawa ya faɗi.

Kin san tunda aka halatta wiwi gidanmu ya canza. Yanzu kusan kowace baranda da tukunyarta. Har mutumin nan na saman bene, wanda da ko wari ya ji sai ya kira 'yan sanda, an ce shi ma yana tambayar yadda ake ban ruwa. To akwai tsofaffin da ke ƙasa da mu, Baba Ottmar da matarsa Inna Hildrun. Su ne iyayena a gidan nan. In zan je wankin ofisoshi su nake bar wa Fenja, ba su taɓa ɓata fuska ba. Baba ya shuka nasa a baranda, ya kewaye da waya ya sa kwaɗo saboda yarinyar. Inna tana tsokanarsa wai manomin baranda, wanda ko tumatir bai taɓa yi masa 'ya'ya ba sai da ya tsufa ya gano baiwarsa. Ita kuma take dafa ganyen da man shanu ta yi biskit saboda ciwon gwiwarta. Nata mai wiwin yana gwangwani ja, na baƙi yana shuɗi.

Ranar Lahadi na yi kek na tuffa na kai musu a farantina. Kin san dai yadda aka tashe mu, ba a mayar da farantin maƙwabci babu komai, abin kunya ne. Washegari Inna ta tafi wurin likita, Baba ya ga faranti a kan tebur, ya ce bari ya yi abin kirki. Ya buɗe gwangwani ya cika farantin da biskit ya hawo da shi, yana haki yana dariya, wai in shaida shi ma ya san ya kamata, ba sai an aike shi ba. Yaya, ja ya buɗe. Ni kuwa na ajiye a tebur na shiga shanya.

Da na fito na tarar Fenja ta ci, ban ma san nawa ba. Can sai ta fara tangaɗi, ta zauna a ƙasa tana kallona kamar ba ta san ni ba. Na ɗaga ta, wuyanta ya langaɓe. Ina kiran sunanta, idon ya ƙi buɗewa. Ban san yadda na sauka bene ba, ko takalmi babu. A motar asibiti ina riƙe da ƙafarta ina cewa Allah ka ɗauke ni ka bar ta. Sun kwantar da ita, suka sa mata ruwa, sai washegari ta farka ta ce tana son madara. Ban taɓa jin magana mai daɗin wannan ba.

Amma likita ta ce dole su sanar da ofishin kula da yara, za a turo wata mata gida ta ji daga ina abin ya fito. Nan ne tsoro na biyu ya kama ni. In na ce Baba ne, tsohon nan zai shiga hannun hukuma, don halattawar ba ta kai ga ba wa wani ba, balle yaro. In na yi shiru, za su ce nawa ne, uwa ce marar kula, su ɗauke mini 'yata. Kuma kin san ni, in masu ilimi suka fara tambaya bakina mutuwa yake yi. Torge ya ce a waya in faɗi gaskiya kawai, tsoho ya ji da kansa. Shi yana da sauƙin faɗa, ba shi Inna ta yi wa jinya ba lokacin da na haihu.

Matar ta zo da safe. Ba ta da faɗa, amma ta buɗe firij, ta leƙa baranda, ta duba inda Fenja take kwana. Sannan ta zauna ta tambaye ni. Na buɗe baki ke nan, wallahi ban san me zai fito ba, sai aka ƙwanƙwasa. Baba ne, ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, Inna tana bayansa da sanda, ita da ta daɗe ba ta hawo benen nan ba. Bai ko zauna ba. Ya ce, “Baiwar Allah, ni na kawo biskit ɗin da hannuna. Uwar yarinyar nan ba ta san komai ba. In akwai wanda za a ɗauka a gidan nan, ga ni.” Inna ta ce a haɗa da ita, ita ta toya, wannan tsohon shashashan ko ƙwai bai iya dafawa ba. Tana faɗa tana kuka.

Fenja tana wurina, Yaya. Matar ta ce za ta sake leƙowa, amma ba ta ga dalilin raba mu ba. Baba kuwa 'yan sanda sun kira shi, ba mu san inda abin zai tsaya ba. Ya tuge shukarsa duka. In muka haɗu a matakala sai ya juya fuska bango. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, har yanzu ban iya barin ta a wurinsu ba, kuma ko burodi aka ba ta a hanya sai na karɓe na shinshina.

Jiya dai na kasa jurewa. Na yi miyar dankali na zuba a kwano, na ɗora a kan farantin nan na sauka. Inna ta buɗe. Na ce, “Inna, ku ci. Amma don Allah a dawo mini da farantin haka nan, wayam.” Ta gyaɗa kai. Yau da safe na buɗe ƙofa na gan shi a ƙasa, an wanke shi tas, babu komai a kai. Na ɗauka na tsaya a wurin ina ta kuka, ban san ko na daɗi ba ne ko na baƙin ciki.

Kada ki gaya wa Mama, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ki sa mu a addu'a, ki sa Baba Ottmar ma. Ki gaishe mini da maigidanki Hauke, ki shafa mini kan yaranki, Jorin da Levke. Ga Fenja can ta motsa, bari in je.

Ƙanwarki mai kewarki,
Mareike