Wai Ni Ce Nake Korar Masu Sayen Gidanmu

Assalamu alaikum Hajiya Lantana. Don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma faɗa mini gaskiya ko ba za ta yi mini daɗi ba, domin abin ya kai ni maƙura. Ni ba mai kai ƙarar 'ya'yana jarida ba ce. Amma ɗan da na haifa ya dubi tsabar idona ya ce ni ce matsalar gidanmu, kuma babu wanda zan faɗa wa a unguwa maganar ba ta zaga ba.

Muna zaune a Kubwa, nan Abuja, tun ina goyon ɗana na fari. Gidan gwamnati ne aka ba maigidana yana aiki, da aka zo sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki muka yi ta maza muka saya. A nan na yaye 'ya'yana, a nan na aurar da su. Alhaji ya yi ritaya, bara waccan kuma ya samu shanyewar ɓarin jiki. Yanzu a falo yake kwance, don nan iska take shiga, nan kuma yake jin motsin mutane. Maganarsa ba ta fita sosai, amma akwai kalmar da ba ta taɓa maƙale masa ba, ita ce Bakori. Can ne garinsu, can iyayensa suke kwance, can kuma ya fara gini ya kai linta ciwo ya tsayar da shi. Kullum sai ya tambaye ni yaushe za mu tafi. Shi ya sa muka yanke shawarar sayar da na Kubwa a ƙarasa na can.

Damina ta wuce, wata ta shigo, gida bai sayu ba. Babban ɗana Ikrama ya haɗa mu da wani dillali mai suna Maliki, mai yawan turare da amsa waya, wanda a tsaye yake gaida sa'ar uwarsa. Wai shi ne masanin kasuwar gidaje. Hajiya, ko kifin kasuwar Kado ba a juya shi yadda mutanen da yake kwaso mini suke juya mini gida.

Na farko wani ƙato ne da gajeren wando, gwiwoyi a waje, da wata mace a gefensa kai ba ɗankwali. Babu sallama. Suka taka mini darduma da takalmi, suka wuce Alhaji a kwance kamar sun ga buhun masara, ko sannu babu. Kafin in ankara mutumin yana cikin ɗakin kwanana, ya buɗe durowar kayana, wai yana duba ko gara ta ci katakon. Ya shiga banɗaki ya ja ruwa. Ita kuma ta leƙa baya inda tumakina suke, ta toshe hanci tana yatsina. Na tambayi Maliki ko matar mutumin ce, ya hau sosa ƙeya. Na nuna musu ƙofa.

Na biyu da tef ɗin awo ya zo, ko zama bai yi ba. Wai zai rushe bangon falo, ya yanka gidan ɗaki-ɗaki ya zuba 'yan haya, samari marasa aure. Katanga ɗaya ce tsakanina da maƙwabciyata Maman Hannah, wadda muka yi zaman amana da ita duk da ba addininmu ɗaya ba. Ita ta riƙe mini yara lokacin da aka kwantar da ni a asibiti, kuma jikokinta mata a gabanta suke. In tafi in bar mata gwauraye da kiɗa a jikin katanga? Haƙƙin maƙwabtaka ba ya ƙarewa ranar da aka loda kaya a mota.

Tun daga nan na kafa doka. Duk wanda ya zo ganin gida sai ya cire takalmi, ya zauna, ya gaida Alhaji, a kawo masa ruwa da zoɓo, in ji ɗan wane ne, daga wane gari, yana da iyali ko babu, me zai yi da gidan. Maza iyakarsu falo da tsakar gida. Ɗakuna kuwa, in ya zo da mace ta shiga ta gano masa. Ko akuya za ka sayar kana so ka san hannun da za ta faɗa, balle gidan da aka yi ta sauke Alƙur'ani a cikinsa.

Sai Allah Ya kawo wasu mutanen kirki, Malam Nasrullahi da matarsa, 'yan Zariya, shi malamin makaranta ne. Har ƙasa suka durƙusa suka gaida Alhaji. Muka yi hira, har muka gano kakarta da wata gwaggota unguwarsu ɗaya. Na ji a raina waɗannan su ne, shi ma na yarda ya shiga ɗakuna. Da za su tafi na ga tunda mutanen kirki ne bai kamata in cuce su ba. Na kai su ɗakin yara, na janye katifa, na nuna musu bangon da yake tsattsafo da damina, na sa farce na ɓantaro filasta suka ga yadda take marmashewa. Na faɗa musu in aka yi ruwan Agusta kwatar ƙofar gida takan cika har ta shigo get. Na faɗa musu famfo sai ya ga dama yake kawowa. Suka yi godiya, suka tafi, har yau.

Ranar Asabar Ikrama ya zo yana huci. Wai Maliki ya ce ba zai ƙara kawo kowa ba, wai mutum ya zo ganin gida sai a zaunar da shi ana yi masa tambayoyi kamar ya zo neman aure. Wai in kwashe tumakin da nake kiwo don layya, in rushe kejin kaji da murhun da nake girkin taro a kansa. Wai in fitar da kabet ɗina, kwanukan da uwata ta jera mini da hannunta, don sun cinye falo. Wai in daina turaren wuta. A cire labulaye, a shafe gidan da farin fenti kamar asibiti, a ɗauki hoton kowane ɗaki a sa a intanet. Hoton gadona, Hajiya, a wayar kowane ɗan iska na Abuja.

Har mai fenti Ikrama ya turo mini, kuma da bangon nan mai tsattsafo ya fara, zai shafe shi a ce lafiya lau yake. Na karɓe burushin na sallame shi. Wannan algus ne, kuma ban yi boko da Islamiyya don in tsufa in ci haram ba. Rufin da mara lafiya zai kwana a ƙarƙashinsa ba zai fito daga ha'inci ba.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na ƙarshe. Wai duk ranar da masu saye za su zo, a ɗauke Alhaji a kai shi Karu gidan 'yata Amatullahi, ni ma in bi shi, a bar wa Maliki makulli. Wai ganin mara lafiya a falo yana kashe wa mutane jiki. Uban da ya yi ta bin motar haya daga Kubwa zuwa cikin gari tun asuba don ya biya wa Ikrama makaranta, yau shi ne abin kawarwa kamar karyayyar kujera. Na ce ya fice mini daga gida. Ya fice, bai kuma kira ba. Alhaji yana jin mu. Ya juya fuskarsa bango, ranar ko abinci bai ci ba.

To Hajiya, ki raba mu. Shin ba a sayar da gida a Abuja sai an haɗa da kunya da gaskiya an sayar? Ko akwai yadda gida zai yi kyau a idon mai saye ba tare da na zama maƙaryaciya ba?

Uwa Mai Takaici, Kubwa.

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ba Alhaji lafiya, Ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi. Tunda gaskiya kika nema, zan fara da inda kika fi ɗanki gaskiya.

Maganar bango ke ce a kan daidai. Shafa fenti a kan tsattsafo don a rufe idon mai saye algus ne, kuma kin kyauta da kika hana. Sai dai tsakanin ɓoye aibi da ɓantaro filasta da farce akwai gyara. Magini za a kira, ba mai fenti ba, ya gano ta inda ruwan yake shiga. Sau da yawa indararo ne ko kwata da ta toshe a gindin bango. A gyara, a sake filasta, a bari ta bushe, sannan fenti ya hau. Sai ki faɗa wa mai saye cewa nan yana tsattsafo a da, an gyara, ga wanda ya yi aikin. In gyaran ya fi ƙarfinku, a faɗi aibin a sassauta farashi daidai da shi. Kwatar ƙofar gida kuma a haɗu da maƙwabta a yashe ta. Malam Nasrullahi ciwo kika nuna masa ba tare da magani ba, shi kuwa malamin makaranta abin da ya hango aiki ne wanda aljihunsa ba zai ɗauka ba. In an gama gyara ki sa a neme shi.

Wanda ya taka miki darduma ya wuce mara lafiya ba sannu, rashin tarbiyya ne, ba ciniki ba. Dokar sallama da cire takalmi tana nan, dillali ya sanar da mutane tun kafin su iso. In Maliki ba zai iya ba, dillalai ba su ƙare ba.

Yanzu inda zan saɓa miki. Mai sayen gida ba baƙonki ba ne, ba kuma surukinki ba. Ke kanki ba kya sayen buhun shinkafa sai an soka an nuna miki ƙwayar. Yaya mutum zai zuba abin da ya tara tsawon rayuwarsa a gidan da aka hana shi ganin ɗakunansa? Durowar da take jikin bango cikin gidan take, zai buɗe ta, don haka ki kwashe kayanki ki sa a akwati ki kulle. Cikin tambayoyinki ɗaya ce ta zama dole, wato me zai yi da gidan, ita ma dillali ya yi ta tun a waya. Ki shiga wurin Maman Hannah ki tambaye ta ko a danginta ko sanayyarta akwai mai neman gida, domin babu wanda ya fi ta son maƙwabci nagari. Bayan haka ki sani wanda ya saya yau yana iya sayarwa gobe. Ki yi iya naki, ki bar wa Allah sauran.

Mai saye so yake ya hango kansa da iyalinsa a cikin gida. In duk inda ya juya ke yake gani, ba zai ga wurin kansa ba. Tumaki da kaji ba Bakori za su ba? Su riga ku tafiya, dangin Alhaji su riƙe muku. Kwanukan mahaifiyarki ba zubarwa za a yi ba, ki naɗe su da hannunki a kwali, su ma su yi gaba. A wanke inda dabbobi suka zauna, a kankare baƙin murhu, a yaye labule haske ya shigo. Turaren wuta ki yi abinki, amma ban da lokacin da ake zuwa gani, don wasu zato suke wani wari ake rufewa. Hoto kuwa sai an rage kaya, kuma ɗakin da babu komai a cikinsa ba ya tona asirin kowa. Ki kuma tabbatar takardun gidan suna kammale a wuri ɗaya.

Maganar Alhaji, Ikrama bai iya bakinsa ba, kuma ya kamata ya ba ku haƙuri ku biyu. Amma ki duba ta wani ɓangaren. Mutumin da aka sani a tsaye da ƙafarsa, yau baƙin fuska suna wucewa ta kansa suna auna falo. Kin tambaye shi ko yana son haka? Yana ji, yana ganewa, gidansa ne. Ki tambaye shi. In ya yarda, a ware rana ɗaya a mako don masu gani, ku tafi Karu ya wuni da jikokinsa, makulli kuma a hannun Ikrama, shi zai tsaya, ba dillali ba. In bai yarda ba, a gyara masa ɗaki ɗaya a saki labule.

Akwai abin da na ji a cikin wasiƙarki wanda ba ki rubuta ba. Ina jin ke ma ba ki gama shirin rabuwa da gidan nan ba, kuma ba abin kunya ba ne, nan ƙuruciyarki ta ƙare. Amma duk mai sayen da ya juya, Alhaji ne yake biya, da wata daminar a falon Kubwa, kuma ba mu san damina nawa ta rage wa kowa ba. Ki kira ɗanki yau. Ki yi masa faɗan a kan abin da ya faɗa, sannan ki ce ya zo da magini. Ku yi maganar a gaban mahaifinsa, ya ji da kunnensa cewa an fara haɗa kaya.

Allah Ya kawo mai saye nagari, Ya shirya tsakaninki da Ikrama, Ya kai ku gida lafiya.

Hajiya Lantana