Jan Fenti a Layin Palladan

Palladan, Zariya
Nuwamba

Zuwa ga 'yata Jemimah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya mutanen Kaduna. Mu nan sai godiya, in ban da kunnen nan nawa da ya ƙi jin magani. Shi ya sa na koma takarda. In kin kira waya, ke ki yi ta ihu, ni in yi ta "na'am", ƙarshe maƙwabta su ji sirrinmu ni ban ji ba. Cornelius direba zai kawo miki wannan, ki ba shi amsa.

Ranar Talata wasu samari suka zo da farar mota da gwangwanin jan fenti. Suka auna daga bakin titi, suka bi layinmu suna shafa wa bango ƙatuwar alama. Falonmu ya samu. Shagon waldan Baba Remi ya samu, shagon Mama Ebube ma haka. Da na tambaye su, suka ce aikin manyan bas ne, in ina son ƙarin bayani in tambayi Kaduna. Na ce madalla, ai ina da 'ya a Kaduna.

Tun daga ranar gidana ya koma ofis. Kowa ya san ke ce kika yi wata da watanni a Kwangila da PZ, sanye da rigar nan mai ƙyalli, kina ƙirga masu shiga mota. Mama Ebube ta zauna a kan bencina ta ce, "Baba Ticha, ni ban san gwamnati ba, kai na sani. In ka ce gaskiya ne, to gaskiya ne." Kin san tun da mijinta ya rasu shagon nan ne abincinta da na yaranta, a ɗan ɗakin bayansa kuma suke kwana.

Ni dai ba na ƙin aikin. Jiya na je sayen magani Sabon Gari, na tsaya a bakin titi har ƙafata ta sage. Da motar ta zo aka cusa mu kamar buhunan masara, rabin wata ɗaliba a kan cinyata, tana ta ba ni haƙuri da Turanci. Ni, dattijon ikilisiya guda! Amma ina so in ji daga bakinki. Aikin nan zai yiwu, ko irin wanda muka saba ji ne?

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Elias

*

Kaduna
Disamba

Babana,

Ina gaishe ka da ladabi, da fatan jiki da sauƙi. Labarin ɗalibar nan ya sa ni dariya har abokan aikina suka juyo.

Baba, zai yiwu. Ka fi ni sanin cewa a da gonaki ne tsakanin Samaru da Sabon Gari. Yanzu gidaje sun haɗe, mutane sun ninka, titin kuwa shi ne dai guda ɗaya. Ɗalibai, ma'aikata, 'yan kasuwa, masu zuwa asibitin Shika, kowa a kansa yake. Abin da muka tsara shi ne manyan bas masu gefensu na titi su kaɗai, ba keke ba acaɓa. Ba za su tsaya ko'ina ba sai a tasha, kowace tasha da rumfa da wurin zama. Za su taso daga Samaru, su bi Palladan da Kwangila da PZ, su ƙare a tashar jirgin ƙasa. In an kai mataki na biyu, mutum ya sauka daga bas ya hau jirgi zuwa Kaduna. Ka ga sai ka riƙa kawo mini wasiƙa da kanka.

Tashar Palladan a layinmu ta faɗa, kuma ni na ja layin. Na daɗe ina kallon taswira ina neman yadda zan kauce wa gidanmu. In na matsar da ita gaba, makarantar firamare za ta ci. Raina bai so ba, amma na bar ta inda take.

Shugabanmu ya ce an amince da komai, bayan sabuwar shekara za a fara. Waɗanda aka taɓa shagunansu su ne farkon waɗanda za a ba wuri a sabuwar tasha. Ka gaya wa Mama Ebube haka, ka ce ni na ce. Ba zan samu zuwa Kirsimeti ba, aiki ya sha mana kai.

Ka gaishe mini da kowa.

'Yarka,
Jemimah

*

Palladan, Zariya
Janairu

Zuwa ga 'yata Jemimah,

Barka da sabuwar shekara, Ubangiji ya sa mu ga ƙarshenta lafiya. Wasiƙarki na karanta wa mutanen layi bayan sujadar Lahadi, a tsaye, da muryar da nake koyar da aji shida. Har tafi aka yi.

To ga labari. Kin san mu mutanen bakin titi ba ma jiran katafila. Katafila ba ruwanta da kwano ko ƙofa, in ta zo komai ɓaraguzai zai koma. Mai hankali shi ke cire kwanonsa da hannunsa, ya zare katako, ya sauke bulo ɗaya bayan ɗaya ya jera a gefe. Haka muka yi lokacin da aka faɗaɗa titin nan kina goye. Sai dai wannan karon mutane suka yi ta jan ƙafa. Wasu suna cewa, bari mu gani ko uban mai aikin zai taɓa nasa. Abin mamaki, kunnen da ba ya jin waya ya ji wannan tsaf.

Ban so a ce gidan Elias ne ya tare wa 'yarsa hanya. Na kira magina, muka sauke falo. Kujeru suna ɗakinki, hoton mahaifiyarki yana nawa. Da Baba Remi ya gani ya ce, tun da Ticha ya fara ai magana ta ƙare, ya yanke ƙofar shagonsa da kansa. Mama Ebube ce ta fi daɗewa. Ta zo ta tsaya a filin falona ta dube ni, ta dubi bulo, ta koma. Washegari zumuntar matan ikilisiya suka taya ta kwashe kaya. Yanzu layin duka a buɗe yake, daga bakin ɗakina ina hango masu jiran mota.

Da gangan na ɓoye miki, na so ki zo ki tarar mun share miki wuri. Na yi kewar falon, ba zan yi ƙarya ba, amma zuciyata fari tas. Yaushe za su fara?

Allah ya ƙara miki basira.

Mahaifinki,
Elias

*

Kaduna
Fabrairu

Babana,

Ina gaisuwa. Baba, wayyo, me ya sa ba ka tambaye ni ba? Ban ce a rushe ba. Ƙa'ida ita ce masu kimanta gini su zo su ga komai a tsaye, su rubuta don biyan diyya, sannan a taɓa. Abin da ba su gani a tsaye ba, a wurinsu babu shi. Na ɗauka kowa ya san haka, shi ya sa ban rubuta ba. 

Don Allah duk wanda ya rage bai taɓa nasa ba, ya dakata. Akwai 'yan canje-canje a ofis, an yi wa shugabanmu canjin wurin aiki. Kada ka damu tukuna. Da zarar na san inda aka dosa zan rubuto.

'Yarka,
Jemimah

*

Palladan
Afirilu

Jemimah 'yata,

Ni ne Oluwole, Baba Remi mai walda. Ina gaishe ki. Ban iya doguwar gaisuwa irin ta babanki ba, kuma bai san na rubuto ba.

Kin ce za ki rubuto, shiru. Kin ce wanda ya rage ya dakata, to babu wanda ya rage. A Sabon Gari aka haife ni, na ga aiki iri-iri ya zo ya wuce, ban taɓa cire ƙusa ɗaya don maganar gwamnati ba. Wannan na cire don babanki ne.

Ga yadda muke. Ni shago ba ƙofa, an ɗauke mini janareto, yanzu a tsakar gida nake ɗan taɓa aiki. Wannan da sauƙi. Mama Ebube a kan tebur take sayar da kaya ƙarƙashin lema, ta kewaye ɗakin kwanansu da buhu. Ranar Laraba ruwan farko ya sauka da iska. Garin rogo, sukari, katifa, littattafan yara, duk sun jiƙe. Da aka ɗauke ruwa ta ɗauko katifar tana ɗiga, ta kawo ta ajiye a gaban babanki. Ta ce, "Baba Ticha, na you talk am. Kai ka ce gaskiya ne. Yau ina yarana za su kwanta?" Babanki ya miƙe. Ya shiga ya fito mata da tasa katifar.

Kullum da safe yana fito da kujera ya zauna a simintin falon da babu, yana duban titi ko farar mota za ta dawo. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce Jemimah ta ce mako mai zuwa. Na san ba ki ce ba. Mutumin da ban taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, yau shi ke yi don ya rufa miki asiri. 'Yata Remi ta ce ranar Lahadi da ya tashi karatu a majami'arsu, wasu daga layinmu suka miƙe suka fita. Ya rame, abinci ma sai an matsa masa.

Ba zagi na rubuto ba. Damina ta kama, bulonmu da kwanonmu suna nan a jere. Mu mayar da gini, ko kada mu mayar? Ke kika ja layin, ke za ki sani. Kalma ɗaya muke so, abeg.

Ki huta lafiya.

Baba Remi

*

Kaduna
Afirilu

Babana,

Ina durƙusawa ina gaishe ka. Baba Remi ya rubuto mini, kada ka yi fushi da shi. Na yi shiru ne don ina jiran in samu labari mai daɗi, ban samu ba.

Sabon shugaba ya kira taro. Aka ce aikinmu ya cika tsada, kuma zai daɗe kafin a ga amfaninsa. Ƙungiyar direbobi ma ta kai kuka cewa za a raba su da abinci. Aka yanke cewa bana kekuna masu ƙafa uku za a saya a raba, abin da ido zai gani da wuri. Na tashi na ce kekunan nan a kan wane titi za su bi, shi ne fa ya cika. Aka ce an ji, in zauna. Maganar jirgi kuwa ko ambatonta ba a yi ba.

Na bi ofis-ofis da hotunan layinmu. Wani babba ya duba ya ce, "To wa ya ce su rushe?" Na tattara hotunana na fito.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Ba a soke aikin ba, an dakatar ne. Ma'ana layin da na ja yana nan da ƙarfinsa. In kun mayar da gini, duk ranar da wani ya tuna da fayil ɗin za a zo a rushe, a ce kun yi gini a kan hanya bayan an yi muku gargaɗi, kuma ba mai sauraronku. In ba ku mayar ba, mai yiwuwa ba wanda zai sake tunawa da shi har yaran Mama Ebube su girma. Na tambayi duk wanda zan iya tambaya. Babu wanda ya yarda ya ce a gina, babu wanda ya yarda ya ce kada a gina.

Baba Remi kalma ɗaya ya roƙa, ni kuwa ba ni da ita. Na yi karatu don in sauƙaƙa wa mutanenmu hanya, ga shi abin da na yi kawai shi ne na cire musu rufi. Kunya nake ji, Baba, kunyarka ta fi kowacce.

Zan zo ranar Asabar. Ka tara mini su, in tsaya a gabansu in faɗa da bakina. Duk abin da za su ce, ni ya kamata su gaya wa.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Jemimah

*

Palladan, Zariya
Mayu

Zuwa ga 'yata Jemimah,

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke. Na ga wasiƙarki. Babu abin yafewa, kin ja layi a inda ya dace.

Ban jira ki ba, na tara su da kaina. Na ce su gina. Na ce wannan shawarata ce ni Elias, ba daga Kaduna ta fito ba, in katafila ta zo ni za su nema. Da gari ya waye na ji ƙarar guduma. Bulona da kwanona na aika wa Mama Ebube, nata da yawa sun farfashe. Ta karɓa, ba ta aiko da komai ba. Falo ba zan mayar ba, ni kaɗai ne, ɗaki ya ishe ni.

Kada ki zo ranar Asabar. Kada ki zo sai na aiko. Ba fushi nake ba. Na dubi fuskokinsu da nake magana, na san in kin shigo layin nan babu wanda zai amsa gaisuwarki, ni kuwa ba zan iya tsayawa ina kallo ba.

Allah ya tsare ki.

Mahaifinki,
Elias